Ruwan Alwala Dabam, Ruwan Sha Dabam

Godiya ta tabbata ga Allah Mai ciyar da bayinsa, Mai shayar da su. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Ya ku malamai ma'abota allo da tawada, da ku fatake da masu rumfa na kasuwannin Anka da Gummi da Bukkuyum: Maganar da na ɗauko muku a wannan mako ita ce ta ruwan sha, yadda za a gyara shi da yadda za a ajiye shi domin ranar da hanya ta yanke, ko rijiya ta ɓaci, ko aka kwana ana gudu. Na san wani zai ce ai wannan zancen mata ne da ma'aikatan asibiti. To, ya yi haƙuri ya bi ni har ƙarshe, domin mu malamai mu a ke tambaya ko ruwa ya halatta, ku kuma 'yan kasuwa ku ke sayar da jarkar da a ke zuba shi da maganin da a ke sa masa. In mu biyun nan muka yi kuskure, gari duka ya sha kuskurenmu.

Abin da ya auku a ƙasarmu

Cikin shekara goma sha biyar masifa uku sun faɗa wa wannan yanki namu, kowacce kuwa da ruwa a cikinta.

Ta farko ita ce gubar dalma. A watan Maris na shekarar 2010 likitocin ƙungiyar MSF, waɗanda a ke kira Na-gari Na-kowa, suka tarar yara ƙanana suna ta mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, suna amai suna suma, maganin zazzaɓi bai yi musu kome ba. Da aka auna jininsu sai aka ga dalma ce, wadda ta ke cikin dutsen zinariya da a ke kawowa gida a daka a turmi, a niƙa a inji, a wanke a tafki. Dareta da Abare da Sunke da Tungar Daji da Bagega da 'Yargalma da Tungar Guru duk sun ga wannan baƙin ciki, an ƙiyasta yara wajen 400 suka rasu. Mafi yawan gubar ta ƙura da ƙasar tsakar gida ta shiga cikin yaran. Amma da ma'aikatan Majalisar Ɗinkin Duniya suka zo a ƙarshen daminar wannan shekara suka auna ruwa, sun sami dalma da yawa a tafkuna, sun same ta a waɗansu rijiyoyi marasa murfi fiye da abin da jiki ke ɗauka, rijiyoyin burtsatse da suka auna kuwa suka fita lafiya. Ku riƙe wannan, za mu komo gare shi. Ku tuna kuma Gwamnatin Tarayya ta hana haƙar ma'adinai a Zamfara a watan Afrilu na 2019, sa'an nan ta ɗage hanin a watan Disamba na 2024. Inda aka koma niƙa dutse kusa da gida, nan dalma za ta komo.

Ta biyu ita ce ambaliyar Gummi a watan Agusta na 2024, wadda ta rushe gidaje dubbai ta bar mutane a makarantu da gidajen dangi. Ruwan ambaliya ba ya zaɓen hanya: ya bi ta masai, ya bi ta turken dabbobi, ya bi ta juji, kāna ya faɗa rijiya.

Ta uku ita ce amai da gudawa, watau kwalara, da ta ɓarke a ƙasar Bukkuyum a watan Agusta na 2025. Labarin da ya fito a lokacin ya ce mutum 8 sun rasu, fiye da 200 sun kwanta, a garuruwa 11, har da Nasarawar Burkullu da Gurusu da Adabka. Abin da ya ƙara wa cutar ƙarfi shi ne hanya ba ta biyuwa saboda 'yan bindiga, majinyata da yawa a gida aka yi jinyarsu. Kafin wannan, a shekarar 2021, cutar ta kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 3,000.

Duk wanda ya dubi waɗannan uku zai gane abu guda: ranar da masifa ta zo, asibiti yana nesa, kasuwa ƙila a rufe ta ke, abin da ke cikin ɗakinka shi kaɗai za ka sha.

Kuskuren da na yi da kaina

Ban zo in yi muku wa'azi daga bisa buzu ba tare da na faɗi nawa laifin ba. Wata damina ruwa ya yi gyara a unguwarmu, ya cika tsakar gida har ya haura bakin rijiyar makaranta. Kwana uku ruwanta jajawur, muka yi ta roƙo a maƙwabta. A rana ta huɗu babban almajirina ya jawo guga ya kawo mini ya ce, "Allah ya gafarta malam, ga ruwan ya kwanta." Na duba launinsa, garau. Na sansana, ba wari. Na ɗanɗana, ba wani abu. Na ce da shi, "Mai tsarki ne, ku yi amfani da shi." Abin da ke zuciyata alwala, abin da yara suka ji kuwa izinin sha. Kwana biyu tsakani yara biyar suka kwanta da amai da gudawa. Huɗu suka tashi. Na biyar, yaro ɗan shekara tara da ubansa ya damƙa mini hannu da hannu, a zaurena ya cika kafin gari ya waye a nemi abin hawa. Ajali ba ya wuce lokacinsa, wannan na yi imani da shi. Amma hukuncin da ya fita daga bakina ni za a tambaya, kuma tun ran nan ban sāke amsa tambayar ruwa ba sai na ce wa mai tambaya, na alwala ka ke nufi ko na sha?

Abin da littattafanmu suka hukunta

Kowane ɗalibi da ya karanta Ishmawi ko Risala ya san ma'aunin ruwa abu uku ne: launi, da ɗanɗano, da ƙamshi. In najasa ta sāke ɗaya daga cikinsu, ruwa ya ɓaci. In ba ta sāke ba, a mazhabarmu ta Malikiyya yana nan da tsarkinsa. Malamai sun ƙara da cewa ruwan da ya jirkita da abin da ya ke zaune a kansa, kamar laka ko gishirin ƙasa ko gansakuka, ana tsarki da shi. Wannan hukunci daidai ne, kuma rahama ce, domin da an tsananta da mutanen karkara da matafiya ba su sami abin salla ba. Amma ku lura, babin da aka kawo shi babin tsarki ne, ana bayanin abin da ke ɗauke hadasi ya gusar da najasa. Marubutan ba su ce duk ruwan da ya inganta ga alwala ya amintu ga ciki ba. Maganar ciki tana ƙarƙashin wani asali dabam, shi ne wajabcin kiyaye rai da haramcin cutar da kai ko cutar da wani.

Ƙwayar kwalara ido ba ya ganinta sai da madubin likita, ba ta da wari, ba ta da ɗanɗano. Dalma in ta narke a ruwa haka nan ta ke. Ma'auninmu uku duka suna iya ba da shaidar alheri ga ruwan da zai kashe yaro kafin kwana ɗaya. A nan shaidar da za a karɓa ta masu sanin jiki ce, kamar yadda mu ke karɓar maganar likita amintacce a kan mara lafiyar da azumi zai cutar.

Cututtukan ruwa uku ne, maganinsu ma dabam dabam

Babban abin da na ke so ya zauna a zukatanku shi ne wannan: ba wata dabara guda da ke gyara kowane ruwa. Mai hankali ya kan fara tambayar abin da ya sami ruwan, sa'an nan ya zaɓi magani. Abin da ke ɓata ruwa iri uku ne. Akwai dauɗar da ido ke gani, laka da ciyayi da 'yan ƙwari. Akwai ƙwayoyin cuta masu rai, na kwalara da taifot da atuni. Akwai kuma guba marar rai, kamar dalma da maganin feshin gona da man fetur.

Maganin na farko shi ne kwantarwa da tacewa. A bar ruwa ya kwana a mazubi, a tsiyaye na sama. In ana gaggawa a juya ɗan alimun a ciki, ko a daka ƙwayar zogale busasshiya a dama a zuba, laka za ta dunƙule ta kwanta. Sa'an nan a tace da ƙyalle mai tsabta wanda aka ninka huɗu ko fiye. Kada a rena ƙyalle. Da shi da gyaran rijiyoyi aka kori kurkunu daga ƙasar nan, cutar da a 1988 aka ƙirga masu ita fiye da 650,000 a Nijeriya, aka ga na ƙarshe a 2008, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shaidar ƙarewarta a 2013. A ƙasar Bangaladash ma an gwada tace ruwan tafki da tsohon zanen mata ninki huɗu, kwalara ta ragu kusan rabi a ƙauyukan da suka yi haka. Amma kusan rabi ba duka ba ne. Alimun da zogale da ƙyalle suna share fage ne kawai, ruwan da suka sa ya yi garau yana bukatar aiki na biyu. Mutane da yawa a nan su ke tsayawa, irin tsayawar da na yi a bakin rijiyata.

Maganin na biyu, watau ƙwayoyin cuta, hanya uku ce, kowacce da inda ta fi dacewa.

Tafasawa ita ce mafi tabbaci. A bar ruwa ya tafasa sosai yana tsalle a tukunya kamar minti ɗaya, a sauke a rufe, ya huce a cikin tukunyar da aka dafa shi. Ɗumamawa ba tafasawa ba ce. Aibinta itace, domin an ƙiyasta kowace lita tana cin wajen kilo ɗaya, ga shi kuwa shiga daji neman itace a ƙasarmu ya zama sayar da rai, a lokacin ambaliya kuma itacen jiƙaƙƙe ne. Saboda haka in itace ya yi ƙaranci a keɓe tafasasshen ruwa ga jarirai da masu ciki da tsofaffi da marasa lafiya.

Hanya ta biyu ita ce sinadarin kulorin, wanda a ke samu na ruwa a 'yar kwalba kamar WaterGuard, ko na ƙwaya kamar Aquatabs. A bi awon da aka rubuta a jikin kwalin, gama ƙwayoyin girmansu ba ɗaya ba ne, wata ta lita ɗaya ce wata ta jarka guda. A zuba, a girgiza, a rufe, a dakata minti 30 kafin a sha. Sharaɗinsa ruwan ya zama garau tukuna, domin laka tana cinye ƙarfinsa. Falalarsa bisa tafasawa ita ce ɗan ƙarfin da ya rage cikin ruwan ya kan ci gaba da tsaronsa kamar yini guda, ga shi ba ya bukatar wuta, ga shi ƙwayar tana shiga aljihu. Wanda ya ke tsoron a tashe shi da dare, ba abin da ya fi masa wannan. Ɗan warin da ke tashi alama ce ta cewa maganin ya kama, ba ya cutarwa in an bi awo.

Hanya ta uku rana ce, wadda Allah ya hore mana kyauta. A sami gorar roba fara mai haske, irin ta lemo, wadda ba ta wuce lita 2 ba, a wanke, a cika da ruwa garau, a kwantar da ita bisa rufin kwano tun hantsi har awa 6 cikin rana mai ƙarfi. In akwai hadari sosai sai ta yi kwana biyu. Wannan ta fi amfani da rani da bazara. A tsakiyar Agusta, lokacin da kwalara ta fi zuwa, rana ba ta da tabbas, kada a dogara gare ta ita kaɗai.

Na uku, watau guba, shi ne wanda na fi jin tsoron jahiltarsa. Wuta tana kashe abu mai rai, dalma kuwa ba ta da rai balle a kashe ta. In ka tafasa ruwa mai dalma, tururi ya tashi ya tafi, dalmar ta zauna cikin abin da ya rage, har ta fi dā kauri. Kulorin ba ya taɓa ta, rana ba ta taɓa ta, ƙyalle kuma ba ya tare wadda ta narke. Uwar da ta ɗebo ruwa a tafkin da a ke wanke dutse ta tafasa ta dama wa ɗanta koko, ta yi wahala ta ƙona itace, gubar tana nan. Irin wannan ruwa a gida ba shi da magani sai bari. A koma ga rijiyar burtsatse, ko rijiya mai ginannen baki da murfi wadda ta ke nesa da inda a ke niƙa da wanki, domin abin da masu awo suka gano a 2010 shi ne dalmar da ke cikin rijiyoyi daga sama ta faɗa, ta ƙura. Ruwan sama ma mafita ne, amma a bar na farko ya wanke rufin ya zube tukuna, tun ba a garin da ƙurar inji ke sauka bisa kwano ba.

Ajiya

An sha gyara ruwa da kyau a ɓata shi a randa. Randa tana sanyaya ruwa, ba mai musun wannan, amma bakinta faɗi gare shi, moɗa kuma tana yawo: yaro ya sha ya ajiye a ƙasa, wani ya fito daga bayan gida ya ɗauka ya tsoma har wuyan hannu. Hannu guda ya isa ya lalata abin da aka ƙona itace a kansa. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi umurni da rufe ƙorai da ɗaure bakin salka, ya hana yin numfashi cikin abin sha, ya hana bawali cikin ruwa mai tsayuwa. Mun karantar da waɗannan hadisai shekara da shekaru a matsayin ladubba, ga shi kuwa su ne ginshiƙin abin da likitoci ke roƙonmu a yau.

Mazubin da ya fi shi ne mai ƙaramin baki wanda hannu ba ya shiga, tulu mai marfi ko jarka mai murfi, a riƙa tsiyayowa. Wanda ba ya iya rabuwa da randa ya ɗora ta bisa abin da zai ɗaga ta daga ƙasa, ya rufe da faifai ko murfi, ya yi mata moɗa mai dogon hannu wadda a ke ratayewa, a ɗebo da ita a zuba a wani kofi, kada a kai ta baki. Jarkar da ta taɓa ɗaukar fetur ko kananzir ko maganin feshi ta haramta ga ruwan sha har abada, ko an wanke ta sau bakwai, domin roba tana shan abin da aka zuba mata. Ta man gyaɗa ko ta man girki tana yi, in an wanke ta da sabulu da ruwan zafi aka ɗauraye da ruwan kulorin.

Game da yawan abin da za a ajiye, masu aikin agaji sun ƙayyade lita 15 ga kowane mutum a yini domin sha da girki da tsabta, abin da zai riƙe rai ta wajen sha kaɗai kuwa kamar lita 3 ne. Mai gida mai mutum 10 in yana son abin sha na kwana 3, lita 90 ke nan, jarka 4 masu cin lita 25. Malami mai almajirai 40 yana bukatar lita 120 kowace rana, jarka 5. A cika su da ruwan da aka gyara, a toshe, a sa a inuwa bisa wuri mai tudu inda ambaliya ba ta kai ba. Shawarata a riƙa juye su ana sabuntawa kowace Juma'a, domin ranar ba ta mantuwa. A haɗa da 'yar jaka guda mai ƙwayar kulorin, da alimun, da ƙyalle, da sabulu, da ƙunshin gishiri da sukari na asibiti. In babu na asibiti, lita ɗaya ta ruwan da aka gyara, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Kwalara da ƙarar da ruwan jiki ta ke kisa, mai ita a yi ta ba shi wannan yana kurɓa tun daga gudawar farko, ana kuma neman hanyar asibiti. Da na san wannan a waccan damina, da na kwana ina ɗura wa yaron nan.

Zuwa ga 'yan'uwana malamai

Abu huɗu na ke roƙonku. Na ɗaya, in an tambaye ku hukuncin ruwa ku raba amsa biyu, ta tsarki da ta sha. Na biyu, a lokacin annoba ku raba mazubi, ruwan alwala dabam, na sha dabam, amma kurkurar baki a yi ta da na sha, gama abin da ya shiga baki ya kusa ciki. Wanda ya ke shakkar alwala da ruwa mai warin kulorin, wannan rabon ya hutar da shi, ko da ya ke malaman zamani da yawa sun halatta, kuma a Muhtasar an yi rangwame ga warin kwalta da ke jikin salkar matafiyi. Na uku, ku tuna wa jama'a cewa in ruwa ya yi ƙaranci har aka ji tsoron ƙishirwa ga mutum ko dabba, shari'a ta ba da taimama, kada wani ya ƙarar da abin shan yara a kan gaɓoɓinsa yana zaton ya yi taƙawa. Na huɗu ya shafe mu mu kaɗai: rubutun sha. Allon da za a wanke a ba mara lafiya ko mai naƙuda, a wanke shi da tafasasshen ruwa, da hannu wankakke, a ƙwarya mai tsabta. Abin kunya ne mutum ya zo neman waraka wurinmu ya koma da cuta. Haka kuma masu wankan gawar wanda kwalara ta kashe su nemi shawarar ma'aikatan lafiya, su wanke hannu da sabulu da ruwan kulorin, kada a zubar da ruwan wankan kusa da rijiya.

Mai cewa duk wannan rashin tawakkali ne, ya tuna Sayyidina Umaru ya juya da jama'arsa daga hanyar Sham da ya ji annoba ta sauka can, sahabbai kuma suka bi shi. Ba wanda ya fi su tawakkali a cikinmu.

Zuwa ga 'yan kasuwa

Alhazai, ku kun ga abin da ya faru a watan Satumba na 2021, sa'ad da aka rufe kasuwannin mako aka yanke wayar tarho a jihar nan saboda yaƙi da 'yan bindiga. Wanda bai sayi abu kafin ran nan ba, bai same shi ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ku sa kulorin da alimun da gishirin asibiti cikin kayan da ku ke sarowa daga Gusau da Sakkwato tun kafin ruwa ya sauka, ku kai su har kasuwannin ƙauye yadda ku ke kai ashana da magi. Ku sani kulorin na ruwa yana rasa ƙarfi in ya daɗe ko ya sha rana, ku duba ranar ƙarewarsa, ku ajiye a inuwa. Wanda ya sayar da wanda ya mutu, ko ya sayar da jarkar maganin feshi ya ce ta mai ce, ya yi algus a cikin abin da rai ya rataya gare shi, wanda kuma ya ɓoye kaya sai annoba ta zo ya ninka kuɗi, ya san sunan wannan a shari'a. Masu fura da kunu da zoɓo da ƙanƙara, da 'yan ga-ruwa, da masu ruwan leda, ku ne randar gari. In ruwanku ya ɓaci, gida ɗari ya ɓaci a wuni guda. Attajirin da ke neman sadaka mai gudana kuwa, ga ta a bakin rijiyar unguwarsa: a ɗaga mata baki da siminti yadda ambaliya ba ta haurawa, a yi mata murfi, a sa mata guga guda mai maratayi.

Abin da ya rage ga hukuma

Duk abin da na lissafa dabarar mai gida ce, ba ta ɗauke wa hukuma nauyinta ba. A birnin Landan a shekarar 1854 wani likita mai suna John Snow ya bi gidajen da kwalara ta yi kisa ɗaya ɗaya, ya gano famfo guda su ke sha, ya sa mahukunta suka cire hannun famfon. Ƙasashen da suka rabu da wannan cuta da gyaran ruwan gari da raba shi da masai suka rabu da ita. Haƙƙinmu ne mu nema, ta bakin sarakunanmu da wakilanmu, a gyara burtsatsen da suka mutu, a zuba magani a rijiyoyi bayan kowace ambaliya kafin a koma sha, a riƙa auna ruwan garuruwan da a ke haƙar zinariya ana faɗa wa mutane sakamako da harshen da su ke ji, a kuma kai ruwa inda 'yan gudun hijira suka taru. Amma kafin wannan ya samu damina za ta zo, ba ta jiran kowa.

Saboda haka wanda ya karanta wannan ya karanta wa wanda bai iya ba, ya shiga gida ya faɗa wa iyali, gama su ke riƙe da randa. Ya duba inda ruwansa ke fitowa, ya san wace cuta ce ta fi kusa da shi, ta laka ko ta ƙwaya ko ta dalma, ya tanadi maganin da ya dace da ita tun yau. Allah ya ji ƙan yaran da muka rasa, ya ba iyayensu haƙuri, ya yafe mana abin da muka yi cikin rashin sani, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Amin.